Harbi na Biyu: Daga Bindigar Ƙanƙara zuwa Yaƙin Lugu na 1899

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tsohon maharbi a ƙauyukan Dallol Mawri yana ɗura bindigar gargajiya ya san aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai ya tsayar da ita, gindinta a ƙasa, bakinta na duban sama. Ya zazzago albarushi daga ƙaho zuwa tafin hannu, ya auna da ido, ya zuba. Ya cusa tsumma, ya zaro sandar ɗuri ya yi ta dannawa har ta daina shiga. Sa'an nan ya zuba tsakin ƙarfe ko dunƙulen darma, ya ƙara tsumma, ya ƙara dannawa. In mai ƙanƙara ce, sai ya buɗe ɗan kaskon da ke gefe, ya ɗiga albarushi mai laushi, ya rufe, ya ja kan da ke riƙe da ƙanƙarar baya. Da ya taɓa kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi 'yar kafa ta shiga ciki, ƙara ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Daga nan abin da ke hannunsa sanda ce kawai, sai in ya sake hidimar nan tun daga farko.

Sojan Turai da ya sha horo, a ƙarni na 18, yakan yi harbi sau 3 a minti guda da irin wannan bindiga. Maharbin da ke auna albarushi a tafin hannu bai kai haka ba. Ɗan lokacin nan da ke tsakanin harbi na farko da na biyu shi ne ya hana maƙeran bindiga barci fiye da shekara 300, ya sa suka ƙera wasu abubuwa da in ka gan su yau sai ka riƙe baki. Shi ne kuma ya raba gardama a Lugu, garin Sarauniya da ke cikin gundumar Dogon Dutsi, ranar 16 ga Afrilu, 1899.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki na duniya. A 1591, a Tondibi kusa da Gawo, 'yan dubban sojojin Maroko ƙarƙashin Judar Basha suka tarwatsa rundunar Songhai da ta ninka su sau da yawa, kuma bindiga ce ta yi musu aikin. A ƙarnin nan dai Mai Idris Aloma na Borno ya samo Turkawa masu harbi, limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta labarin. Tarihin Kano ya ce an shigo da bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Hanyar shigowarta biyu ce. Akwai ta hamada, daga Tarabulus ta Fezzan, akwai kuma ta bakin teku, inda Turawa ke sauke dogayen bindigogin da ake ƙerawa da araha a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, musamman domin kasuwar Afirka. Da yawa cikinsu ƙarfensu ba shi da kirki. In albarushi ya yi yawa sai bututun ya tsage, shi ya sa har yau za ka ga maharbi yana kawar da fuska gefe lokacin da zai saki wuta.

To, amma sanin abu daban, dogara da shi daban. A watan Oktoba na 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Konya da Gobirawa. Cikin dubun dubatar mayaƙan da ya gani, bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba. Doki da mashi da lifidi, da 'yan baka a ƙasa, su ne yaƙi.

Haka abin yake a Arewa, wato ƙasar Dallol Mawri. Arawa da Gubawa sun shahara da baka, kuma a yaƙe-yaƙen tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Samna Ƙarfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Isa Korombe suka yi wa Gwandu tsayin daka, kibiya ce babban makamin talaka. Akwai masu kallon wannan a matsayin ci baya. Ni ban yarda ba, don lissafin a fili yake. Ɗan baka zai saki kibiya biyar ko shida kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya. Kibiyar kuma an shafe ta da dafin kwankwani, wanda ke kama zuciya, ko ƙwarzane ta yi ya isa. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙin da zai tona maɓoyar mai harbi. Ruwan damina ba ya kashe ta yadda yake jiƙa albarushi. Ƙarfen kanta maƙerin gari ne ke yi, karan jikinta a daji yake. Ita kuwa bindiga sai an sayo ƙanƙara, an sayo farar wuta, an jira ayari. A fagen da bindigar ƙanƙara ce abokiyar karawa, mai baka bai yi wauta ba.

Su ma Turawa sun san da wannan rauni na makaminsu, kuma tun da wuri suka shiga neman magani. A shekarun 1630 zuwa 1640 wasu dangin maƙera da ake kira Kalthoff suka fito da bindiga mai rumbu biyu a jikinta, ɗaya na harsashi, ɗaya na albarushi, wadda ke ɗura kanta idan aka juya wani mariƙi. Dogaran sarkin Denmak sun riƙe ta lokacin da Suwidin ta yi wa birnin Kopenhagen ƙawanya a 1658 zuwa 1659. Ta yi aiki, amma tsadarta ta fi ƙarfin runduna, kuma da dattin albarushi ya taru a ciki sai ta cije, ba mai iya gyara ta sai gwanin maƙeri.

Wadda ta fi ban mamaki ita ce ƙirar da ake jingina wa Michele Lorenzoni na birnin Florence a Italiya, wajajen 1680, wadda aka yi ta har a ƙananan bindigogin hannu. A cikin mariƙinta aka huda ramuka biyu, ɗaya cike da dunƙulen darma, ɗaya cike da albarushi. Tsakanin mariƙi da bututu akwai wani ƙarfe mai kewaye da ke juyawa, da hannu a gefen hagu. Mai harbi zai sunkuyar da bakin bindigar ƙasa, ya murɗa hannun kamar mai juya injin taliya. A zagaye guda ƙarfen nan zai ɗauko harsashi ɗaya ya jefa a bututu, ya ɗebo albarushi daidai awo ya ajiye a bayansa, ya ɗiga kaɗan a kasko, ya rufe kaskon, ya ɗana kunama. Aikin da ke cin maharbi minti guda ya koma na 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai fa mutum yana riƙe da rumbun albarushi a cikin tafin hannunsa, wuta kuma na tashi ɗan yatsa biyu daga wurin. In ƙarfen ya ɗan ci, ya bar kafar da tartsatsi zai bi, mariƙin ne zai tashi da yatsun mai shi. Saboda haka sai maƙerin da hannunsa ya faɗa ƙwarai ke taɓa wannan aiki, kuma sai mai hannu da shuni ke saye. Har ƙarshen ƙarni na 18 ana yin irinta a Landan, ɗaya-ɗaya, da ado na azurfa.

Wasu suka ce tunda ɗuri ne matsala, a yawaita baki. Aka yi mai bututu biyu, aka yi mai huɗu a baje kamar yatsu waɗanda ke tashi gaba ɗaya, wadda aka ce kyaftin-kyaftin na jiragen ruwa sun so ta saboda tsoron boren ma'aikata. A 1818 wani Ba'amurke, Elisha Collier, ya yi rajistar bindigar ƙanƙara a Landan mai tulu da ke juyawa, kowane rami da ɗurinsa, amma da hannu ake juya tulun. Abin da ya buɗe hanya sosai shi ne binciken wani limamin coci ɗan Sikotlan, Alexander Forsyth, wanda a 1807 ya yi rajistar hanyar tayar da albarushi da sinadarin da ke fashewa idan an buge shi. Daga nan aka samu 'yar hular tagulla da ake kifawa a kan ƙaramin nono a gindin bututu, ƙanƙara da kasko suka zama tsohon yayi. Da yawa cikin bindigogin da maƙeranmu ke yi wa maharba a yau wannan tsarin suke bi.

Da hular nan ta samu, sai ƙira ta ɓarke. A shekarun 1830 Ethan Allen a Amurka da Mariette a Liège suka cika kasuwa da ƙananan bindigogi masu damin bututu, huɗu ko shida, wasu ma fiye da 12, duk damin na juyawa idan an ja kunama. Nauyi ya yi musu yawa a gaba, saiti babu, kuma wani lokaci wuta kan tsallaka daga rami zuwa rami su tashi duka a tare. Samuel Colt, da rajistarsa ta 1836, ya tsaya a kan bututu ɗaya da tulu mai juya kansa idan an ɗana, wato libarba da muka sani. Duk da haka masu dabara ba su haƙura ba. Jean Alexandre LeMat na New Orleans ya yi rajistar libarba a 1856 mai harbi 9, da wani ƙaton bututu na biyu a tsakiya da ake cika wa tsaki. Jarre na Paris, wajen 1860, ya yar da tulu gaba ɗaya, ya sa sandar ƙarfe mai jerin ramuka da ke zamewa daga gefe zuwa gefe bayan kowane harbi. Yawancin waɗannan a gidajen tarihi suka ƙare.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nan na can nesa ne. Irin waɗannan ƙananan bindigogi sun iso ƙasar Hausa, amma ta ƙofar fada suka shigo, a matsayin gaisuwa. Cikin kayan da Clapperton ya miƙa wa Muhammadu Bello a Sakkwato a watan Maris na 1824 akwai ƙananan bindigogi masu baki biyu. A watan Afrilu na 1853 Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu kusa da Wurno, kuma abin da ya fi faranta wa sarkin rai cikin kyautar shi ne bindigogin hannu guda biyu masu ado na azurfa. Daga nan Barth ya bi ta Gwandu, ya ratsa Dallol Foga a kudancin Arewa ana tsakiyar tawayen Kabi, ya ƙetare Kwara a Sayi, ya isa Tumbutu a watan Satumba. A can Shehu Ahmad al-Bakkay ya sa shi ya harba libarbarsa mai harbi shida a ƙofar gida. Barth ya ba da labarin cewa mutanen gari sun ɗauka duk jikinsa makamai ne, zai iya yin ta harbi ba iyaka, kuma tsoron nan ya taimaka wajen tsare ransa. Wato shekara 46 kafin Lugu, mutanen bakin Kwara sun riga sun ga abin da ke tafe. Sai dai libarba ɗaya a aljihun baƙo abin kallo ce. Ba ta canza yaƙi.

Wanda ya fahimci inda duniya ta dosa shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ya yi ta sayo bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi a Zinder, ya sa maƙera suna zuba igwa ta tagulla. Marubuta tarihi na ƙiyasta bindigoginsa da kusan 6,000, igwa kuma wajen 40. Haɗin albarushi ba asiri ba ne mai wuya. Kashi 75 cikin 100 wani gishiri ne da ake tacewa daga ƙasar tsofaffin kangaye da turakun dabbobi, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Can yamma kuma maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu ɗuri ta baya, suna sake cika kwanson harsashi. Basira dai ba ta yi ƙaranci ba.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci, da kuma hanya. A daidai shekarun da Tanimu ke tara bindigogin ɗuri ta baki, Turai ta riga ta warware matsalar da ta gagari Lorenzoni, kuma ba da wata dabarar juye-juye ba. Kwanson tagulla ne ya warware ta. An haɗa hula da albarushi da darma a abu guda da ruwa ba ya shiga, wanda ake turawa ta gindin bututu, kwanson kuma ya kumbura ya toshe kafar da wuta za ta bi ta dawo. Bindigar Gras ta sojan Faransa, ƙirar 1874, baƙin albarushi take ci har lokacin, harsashi ɗaya-ɗaya, amma soja zai harba ta kusan sau 10 a minti, yana durƙushe ko kwance, ta kuma kai inda kibiya ba ta mafarkin zuwa. A 1884 Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, a 1886 aka fito da Lebel mai ɗaukar harsashi 8 a bututun da ke ƙarƙashin bakinta. Hafsoshi kuma na rataye da libarba mai harbi shida, ƙirar 1873 ko ta 1892.

Sa'an nan aka rufe ƙofa da doka. A ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashen Turai suka sa hannu a Brussels kan yarjejeniyar da aka ce ta hana cinikin bayi ce. A cikinta akwai sharaɗin cewa daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa na 22 kudu, ba za a sayar wa 'yan ƙasa bindigar zamani ba, sai mai ƙanƙara marar zare a bututu da albarushin kasuwa. Arewa da Sakkwato da Damagaram duk suna cikin wannan shinge. A ganina wannan sharaɗi ya ci ƙasa fiye da kowane janar. Wanda ke shirin shigo maka gida shi ne ya zauna ya rubuta irin makamin da aka yarda ka riƙe.

Haka aka iso 1899. Ayarin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ya taso daga bakin Kwara a watan Janairu da nufin isa Tafkin Cadi. Turawan cikinsa ba su kai 10 ba. Sauran sojoji ne 'yan Afirka, ɗaruruwa, da 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, da igwa guda mai bakin milimita 80 a hannun Laftanar Paul Joalland. Tun a Sansane Hausa suka fara nuna hali, inda suka kashe mutum 101 cikin Janairun nan. Ayari ne mai cin gari, yana neman hatsi da ruwa da mutane, duk inda ya bi sai toka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, kuma wani sashe na ƙasar da suka ratsa yana cikinta, amma ƙishirwa ba ta san taswira ba.

A Lugu suka tarar da abin da ba su saba gani ba. Sarauniya Mangu, shugabar addinin gargajiya ta Aznan yankin, ta ƙi ba da hanya, mayaƙa suka taru gare ta. Ba su tsaya a fili su zama abincin harsashi ba. Sun ja cikin kurmi mai sarƙaƙiya, inda nisan bindiga ba shi da amfani sosai, inda mai shiga dole ya matso har kibiya ta same shi. Wannan zaɓi kaɗai ya nuna sun san makamin da ke gabansu. Bayanan Faransawan kansu sun ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, sun kuma ƙona dubban harsasai, abin da ya dame su ƙwarai tunda ba su da inda za su sake samu. Adadin ya yi kama da kaɗan, amma babu inda ayarin ya sha wuya irin haka tun tasowarsa. An ƙone garin, mutane da yawa sun mutu, Sarauniya kuwa ba a kama ta ba, kuma ba ta miƙa wuya ba. Daga baya jama'a suka dawo suka sake gina garinsu.

Birnin Ƙonni, mai ganuwa, shi ya fi shan wahala a watan Mayu, don ganuwa ta tara mutane wuri guda a gaban igwa da ruwan harsashi. Tun kafin nan labarin ta'asar ayarin ya kai Paris, aka turo Laftanar Kanar Klobb ya karɓe ragamar ayarin. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu baki, suka kashe Chanoine da Voulet a wajajen Maijirgi, da bindigogin da su da kansu suka raba musu. Ragowar ayarin suka ci gaba, suka shiga Zinder ranar 30 ga Yuli. Tarin bindigogin da Tanimu ya bari bai hana ba.

Marubuci Abdoulaye Mamani ya mai da labarin Lugu littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Sunan Sarauniya ya zaga duniya, kuma ya cancanta. Abin da aka bari a baya shi ne kayan yaƙin kansu. Bindigar Lorenzoni da ta Jarre suna cikin gilashi a gidajen tarihin Turai da Amurka, kowace da sunan maƙerinta da shekararta. Namu kuwa, tsofaffin bindigogin ƙanƙara da kwari da baka da ƙahon albarushi, suna rataye a zaurukan gidajen sarauta da ɗakunan maharba daga Matankari zuwa Tibiri, tsatsa da gara na ci, wasu kuma 'yan gwangwan sun auna su a kilo. Dattawan da suka san wace bindiga ce ta wane, ta ina ta shigo, wane yaƙi ta gani, suna ƙarewa.

Kira a nan ga masu sarautar Arewa, da hukumomin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, da Gidan Tarihi na Ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, da ɗaliban tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni: a bi gida-gida a ɗauki hoton waɗannan kaya, a duba tambarin da ke jikin ƙarfensu, a rubuta abin da masu su suka sani, a bar wa kowa abinsa in ba ya son bayarwa. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan tsohuwar bindiga a gidanku, kada ka gwada ɗura ta, kada kuma ka kai ta kusa da wuta, don albarushin da ya shekara 100 a bututu yana iya tashi. Ka shafa mata mai, ka je ka tambayi mafi tsufa a gidan labarinta, ka rubuta.